Daga "kaki" zuwa "shamfu": cinikin kalmomi tsakanin Turanci da harsunan Indiya

Duk wanda ya ce ɗan sanda ya sanya kaki, kalmar Indiya ya furta ko da bai sani ba. A harshen Urdu "khak" na nufin ƙura, "khaki" kuma launin ƙura, asalin kalmar kuwa Farisanci ne. A shekarun 1840 wata rundunar sojan Birtaniya a arewa maso yammacin Indiya ta fara sanya tufafi masu wannan launi. Turanci ya ɗauki sunan, mu kuma muka ji shi a bakin Turawan mulkin mallaka.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun da aka kafa kamfanin East India a 1600, fatake da sojoji da ma'aikatan Ingila suka riƙa komawa gida da kalmomi: "jungle" daga "jangal", "bungalow" daga "bangla", wato gida irin na mutanen Bengal, sai "loot" daga "lut", wato ganima. Har masu lura na cewa wannan ta ƙarshen ta dace da abin da kamfanin ya yi wa ƙasar.

Labarin shamfu ya fi daɗi. A Hindi "champo" na nufin a yi tausa. Wani ɗan garin Patna, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan wanka da tausa a Brighton a farkon ƙarni na 19, har sarakunan Ingila ya yi wa aiki. Sai daga baya ma'anar ta koma sabulun wanke gashi. Kalmomin sun yi yawan da a 1886 aka fitar da ƙamus sukutum a kansu, Hobson-Jobson, na Henry Yule da A. C. Burnell.

Amma cinikin bai zo daidai ba. Turanci ya fi ɗibar sunayen tufafi da abinci da gidaje, su kuwa harsunan Indiya sunayen hukuma suka karɓa. Bahinde na cewa "aspatal" inda muke cewa asibiti, "afsar" inda muke cewa hafsa. Tushen ɗaya ne, kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa zai iya.

A nan ne rigima take. Sashe na 351 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya ce Hindi ta nemi sababbin kalmomi da farko daga Sanskrit. Shi ya sa za ka ga "chikitsalaya" a allon gwamnati, alhali mara lafiya "aspatal" zai ce wa direba. Yunƙurin mayar da Hindi ita kaɗai harshen gwamnati ma ya jawo tarzoma a jihar Madras a 1965, domin Tamilawa sun gwammace Turanci a kan Hindi.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san inda aka kwana: jarumi zai fara jimla da Hindi ya ƙarasa da Turanci, abin da ake kira Hinglish. Ƙamusun Oxford kuma bai daina karɓa ba. A 2017 ya shigar da "jugaad", wato dabarar gyara abu da ɗan abin da ke hannu.