Allon LED a Wurin Taro: A Auna Kafin a Kafa

Yau za mu zagaya bayan dandamali ne, mu duba wani abu da ya zama ruwan dare a tarukanmu, tun daga bikin aure da yaye ɗalibai har zuwa gangamin siyasa da zauren wa'azi, wato katafaren allon nan mai haske da ake kira LED, wanda wasu ke ce wa majigi. Duk wanda ya taɓa shirya taro ya san tambayar da mai hayar allo yake fara yi: "Alhaji, mita nawa za a kawo?" Ya kuma san amsar da aka saba bayarwa: "Kawo babba." Wannan tambaya ta yi gaggawa, amsar kuma ta fi ta gaggawa. Masu hurumin yanke girman allo da fasalinsa su biyu ne: abin da za a nuna a kansa, da mutumin da ke zaune a kujerar ƙarshe. Aljihun mai taro da son burge baƙi, bayan waɗannan suke biyowa.

Bari mu fara da yadda allon yake. Talabijin ɗin gida da fasalinsa yake fitowa daga masana'anta, ba a ƙara masa, ba a rage masa. Shi kuwa allon LED gina shi ake yi kamar yadda magini yake jera bulo. Falle-falle yake zuwa a cikin akwatuna, akasari daga masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma fallen da masu haya suka fi amfani da shi rabin mita ne a faɗi, rabin mita a tsawo. A jikin kowane falle akwai dubban ɗigon haske, an jera su sahu-sahu, su ne suke haɗuwa su ba da hoto. Tun da gini ne, ana iya tayar da shi dogo ko gajere, mai faɗi ko siriri, yadda aka ga dama. To, a wannan 'yancin ne matsalar take ɓuya, domin shi hoton da za a nuna ba shi da irin wannan 'yanci. Da fasalinsa yake zuwa, a yanke.

Fasalin da ya mamaye duniya a yau shi ne 16 bisa 9, ma'ana idan faɗi ya kai taku 16, tsawo taku 9 ne. Ba haka kawai aka tsince shi ba. A shekarar 1984 wani injiniya a Amurka mai suna Kerns Powers ya ɗauki fasalin hotunan da ake amfani da su a lokacin, tun daga 4 bisa 3 na tsohon talabijin har zuwa shimfiɗaɗɗen hoton silima, ya ɗora su a kan juna, ya gano cewa 16 bisa 9 ne ya fi sulhunta su. Daga baya aka ɗauke shi ya zama ma'aunin talabijin mai tsabtar hoto. Yau kyamarar mai ɗaukar biki a kansa take aiki, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka haka, manhajar PowerPoint ma tun fitowar 2013 da shi take buɗe sabon shafi. Yanzu ku yi wannan lissafi tare da mu. An kafa allo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 3, aka ɗora masa bidiyo na 16 bisa 9. Hoton zai cika faɗin, amma a tsawo mita 2 da kwata kawai zai ci. Sauran ya zama baƙin layi a sama da ƙasa. Mai taro ya biya kuɗin murabba'in mita 12, na 9 kaɗai suka yi masa aiki. Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa duhu ya saya. Da an jera falle 7 a faɗi, 4 a tsawo, wato mita 3 da rabi da mita 2, da hoton ya zauna kusan cif, da falle 28 a maimakon 48.

Idan abin nunawa ya yanke fasali, sai a juya ga mutumin baya, shi zai yanke tsawo. Masu wannan sana'a suna da wani tsohon lissafi da suke kira 4, 6, 8. Idan kallo kawai za a yi, kamar fuskar ango da amarya ko ta mai jawabi, kada nisan kujerar ƙarshe ya wuce tsawon allon sau 8. Idan akwai rubutun da za a karanta, sau 6. Idan kuwa ƙananan abubuwa ne masu bukatar ƙura ido, kamar jadawalin kasafin kuɗi, sau 4. A ɗauki zaure mai zurfin mita 24. Domin kallo, allo mai tsawon mita 3 ya wadatar. Domin karatu, sai mai mita 4, wanda faɗinsa zai kama mita 7. Wannan bambanci yana da nauyi a wurinmu, domin rubutunmu cike yake da ƙananan alamomi masu sauya ma'ana. Ɗan lanƙwasan da ke kan harafi shi ne ya raba ƙafa da kafa, ya raba ɓata da bata. A wurin tafsiri kuma, ɗigo da wasali su ne gishirin rubutun Larabci. Idan na baya ya kasa rarrabe su, allon bai yi masa komai ba, ko da na gaba yana ta yabawa. A kuma tuna cewa tsawon da ake nufi shi ne wanda ido ke gani. Mita ɗayan da ta ɓuya a bayan kawunan manyan baƙi da rawunansu ba ta cikin lissafi.

Mutumin gaba ma yana da nasa haƙƙin, kuma shi ne yake yanke tazarar ɗigo. Idan kun ji masu haya suna cewa P2.6 ko P3.9 ko P4.8, tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo suke nufi, a ma'aunin milimita. Ƙa'idar da suka saba bi mai sauƙi ce: lambar nan, a mayar da ita mita, ita ce mafi kusancin da ya kamata mutum ya zauna. Wanda ya matso ƙasa da mita 4 a gaban allon P3.9 zai fara ganin hoton kamar ta cikin rariya. A nan ne kuma ake gane cewa girma daban, tsabtar hoto daban. Fallen P3.9 yana da ɗigo 128 a faɗi, 128 a tsawo. Saboda haka allo mai mita 5 da mita 3, duk da kwarjininsa, ɗigo 1280 ne da 768, bai kai na wayoyi da yawa da ke aljihun mahalarta taron ba. Kafin a sami ɗigo 1920 a faɗi, irin na cikakken bidiyo, sai an jera falle 15, wato mita 7 da rabi. Wanda ya tsara shafinsa da ƙananan haruffa a kwamfuta, ya ga sun fito tas, kada ya yi mamaki idan suka dagule a bango.

Wani zai ce, ai taro kwarjini yake so, kuma babban allo ba ya taɓa zama laifi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin a fili mai faɗi ƙaramin allo ɓacewa yake yi. Sai dai girma yana tafe da kayansa. Idan aka ninka faɗi aka ninka tsawo, yawan falle sau huɗu yake ƙaruwa, haka kuɗin haya, haka nauyi, haka wutar da janareto zai ɗauka. Allon mita 7 da mita 4 falle 112 ne, kowanne yakan kai kilo 7 zuwa 8, jimilla kusan kilo 800 ko fiye, ban da ƙarafan da za su riƙe shi. A waje kuma bango ne da ke tare iska, abin da duk wanda ya san guguwar farkon damina ba zai raina ba. Sannan akwai haske. Allon waje an yi shi ne ya yi gogayya da rana, haskensa ya ninka na allon ɗaki sau da yawa. A shigo da irinsa cikin zaure da dare ba a rage shi ba, sai na gaba su koma kare ido, mai jawabi kuma ya zama inuwa a gaban kyamara. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani kuma zai ce, ai akwai na'urar sarrafa hoto, kowane fasali aka ba ta za ta daidaita. Gaskiya ne tana daidaitawa, amma hanya uku kawai gare ta. Ko ta bar baƙin layi, ko ta yanke gefen hoton, ko ta ja shi ya cika. Ta farko asarar kuɗi ce. Ta biyu ita ce take sare hular mai jawabi ko ta cinye ƙarshen sunan babban baƙo. Ta uku kuwa kowa ya taɓa ganin aikinta: amarya siririya ta koma mai ƙiba, tambarin kamfani da aka zana zagaye ya koma kamar ƙwai. Na'ura ba ta ƙirƙiro hoton da kyamara ba ta ɗauka ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa manyan wasannin duniya ba sa ɗaure kansu da 16 bisa 9. Wannan haka yake. Ginin Sphere da aka buɗe a birnin Las Vegas a 2023 allonsa na ciki zagaye 'yan kallo ya yi, ya rufa a kansu kamar ƙwarya. Amma sai da masu shi suka ƙera kyamara ta musamman domin ɗaukar hoton da zai dace da shi. Wato hujjar tasu ce take ƙarfafa tamu: fasali kowane iri halal ne, muddin an ɗinka hoton a kansa tun farko. Siririn allo a tsaye, a gefen dandamali, yana yi wa mawaƙi ko mai wa'azi kyau ƙwarai, domin mutum a tsaye yake, idan dai an gaya wa mai kyamara ya ɗauka a haka. Dogon allo mai faɗi a bayan kujerar ango da amarya yana ƙayatarwa, idan an ba mai zane adadin ɗigon da wuri. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a kafa bango da yamma, a miƙa wa mai kwamfuta filashi ana saura minti goma, a ce ya san yadda zai yi.

Saboda haka, masu sauraro, kafin a kira mai haya, a ɗauki tef a je wurin taron. A auna daga dandamali zuwa kujerar ƙarshe, a auna zuwa ta farko, a ɗaga kai a dubi rufi. A tambayi mai bidiyo da mai jawabi fasalin abin da za su kawo. Wanda ya riƙe waɗannan amsoshi, idan aka ce masa mita nawa, lamba zai faɗa, kuma sau da yawa za ta yi ƙasa da wadda ya yi niyyar biya. Tun ran gini ran zane.