Wa Ke Kallon Kekunan?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kekunan da suka daɗe jingine a zauruka suka fara komawa hannun masu faci. A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na kudancin Kano dama keke bai taɓa barin hanya ba. Manomin rani da ke ban ruwa da ruwan madatsar Tiga, ɗalibin makarantar je-ka-ka-dawo, mai kai buhun shinkafa kasuwar Tudun Wada, duk shi suke hawa. Darajarsa ce ta ƙaru, kuma ɓarawo ya san da haka.

Mai keke ɗaya dabararsa mai sauƙi ce: ya kafe shi inda idonsa ke kai. Matsalar tana tasowa ne idan kekuna suka taru, ashirin ko talatin, na 'yan gayya, na 'yan ƙungiyar manoma, ko na samarin da suka zo kallon ƙwallo daga wani gari. Kowa sai ya saki jiki, yana zaton wani na kallo. A cikin tarin kekuna kuwa, mutum ya zo ya janye ɗaya cikin natsuwa, ba mai tambayarsa, domin ba wanda ya san na wane ne. Shi ya sa nake ganin kafin a yi maganar kwaɗo, a fara tambayar wa aka damƙa wa amanar, da sunansa.

A manyan kasuwanni irin ta Kwanar Ɗangora, abin da za a nema shi ne wurin ajiya mai igiya ko shinge, mai ƙofa ɗaya, da mai gadi wanda sarkin kasuwa ya san da zamansa. Tsarin kati biyu ya fi komai: a ɗaura ɗaya a kan keke, a ba ka ɗan'uwansa mai lamba iri ɗaya, kuma ba a sakin keke sai katin ya dawo. Ka tsaya ka kalli mai gadin na ɗan lokaci kafin ku miƙa masa kayanku. In ka ga ya bar wani ya fita da keke don kawai ya ce "Baba, ai ka san ni," to ku nemi wani wurin. Ku tambayi kuma lokacin tashinsa, don akwai masu naɗe igiyarsu da an kira magariba.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, alhali ita ke hana rigima: in keke ya ɓata, wa zai biya? A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci. Saboda haka kada shugaban tafiya ya ɗauka kuɗin kati inshora ne. A yi sharaɗi a fili, gaban shaida, tun kafin a juya baya. In babu wurin ajiya, kamar a gona ko gidan biki, a ware mutum ɗaya ya zauna, a riƙa karɓa-karɓa, kuma a ƙirga masa yininsa cikin aikin gayyar.

Makullin nan da ke zuwa manne da keke, mai kama tayar baya, hana ta juyawa kawai yake yi. Mutum biyu sun isa su ɗaga keken su jefa a bayan a-kori-kura. Sarƙa mai kauri ake so, a zura ta cikin firam da tayar baya, a zagaya da ita wani abin da ba ya tumɓukewa. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, wata rana zai dawo ya tarar da tayar tana jiransa. Ga ƙungiya, ana iya jera kekunan kai da ƙafa a bi su da doguwar sarƙa ɗaya, sai dai duk mai son tafiya da wuri dole ya nemo mai makulli.

Makaranta ko masallacin Juma'a da ke tara kekuna kullum, gara su kira mai walda. Bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka kafe ƙafafunsa biyu cikin siminti yana ɗaukar keke biyu, ɗaya kowane gefe. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht a Holan, wurin ajiyar da aka kammala a 2019 yana cin kekuna 12,500. Mu bututu goma a gaban ofishin shugaban makaranta sun wadatar, muddin ba a kai su bayan azuzuwa inda ba kowa ba.

Ba ɓarawo kaɗai ke cin keke ba. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, musamman wajen Riruwai da dajin Falgore, kuma keken da ya yi damina a tsakar gida sai cen ya yi tsatsa, sirdi ya jiƙe ya tsage. Ranar bazara kuma tana ɗaga faci. Inuwar mangwaro ko darbejiya ta yi, amma a guji gindin aduwa da bagaruwa, don ƙayarsu na kwance cikin ƙasa. In tafiyar ta kwana ce, a gaida mai unguwa a roƙi zaure mai ƙyaure, a kuma sanar da 'yan sintiri yawan kekunan da aka shigar.

Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin firam, sau da yawa a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. A kifa keken, a goge laka, sakataren ƙungiya ya rubuta lambar kowa a littafi tare da sunan mai shi, a ɗauki hoto a waya, a adana rasit. Baƙaƙen Phoenix da Raleigh duk kamanninsu ɗaya, kuma ranar da aka ga naka a hannun wani a kasuwa, 'yan sanda lambar za su tambaya.