Tafkin Bado na Claude Monet

Galibi ana ɗauka cewa mai zanen daji da furanni kwaikwayo kawai yake yi, watau ya tarar da abin da Allah ya halitta, ya zauna ya sauke shi a kan ƙyalle. Aikin Claude Monet, mai zanen nan na ƙasar Faransa, ya nuna al'amarin ya wuce nan, domin shi sai da ya shuka abin da zai zana tukuna, sa'an nan ya ɗauki buroshi.

A shekarar 1883 Monet ya koma wani ƙauye mai suna Giverny, kimanin mil 50 arewa maso yamma da birnin Faris. Da farko haya yake yi, sai a 1890 ya sayi gidan. A 1893 kuma ya sayi wata fadama a ƙetaren titin jirgin ƙasa, ya nemi izinin janyo ruwa daga wani reshe na kogin Epte don ya haƙa tafki. Mutanen ƙauyen suka ƙi, suna tsoron kada baƙin tsire-tsirensa su lalata ruwan da dabbobinsu ke sha. Daga baya hukuma ta ba shi izini.

Abin da ya zuba a tafkin shi ne bado. Bahaushe ya san bado a kududdufi, har yakan ci 'ya'yansa da saiwarsa in abinci ya yi wuya, amma ba kasafai yake tsayawa kallonsa ba. Badon da ya saba fitowa a Faransa fari ne. Monet kuwa ya sayo sababbin iri, masu ja da masu ruwan ɗorawa, daga wurin wani manomin furanni mai suna Latour-Marliac, wanda ya samo su ta hanyar barbara. Ya kafa gada irin ta Japan, ya dasa gora da itatuwa masu sunkuyo da rassa a bakin ruwa. Har akwai ma'aikacin da yakan shiga kwalekwale da sassafe ya share ganye ya wanke musu ƙura, don kada wani abu ya dushe hasken ruwan.

To, a nan ne muhimmin abin yake. A zanensa na farko ana ganin gada da gaɓar tafki, mai kallo ya san inda yake tsaye. Sannu a hankali gaɓar ta fita daga zanen, sararin sama ma ya fita, ba a ganinsa sai inuwarsa a cikin ruwa. Zane 48 da ya baje a Faris a 1909 yawancinsu haka suke. Ashe ba furen ne ya dame shi ba. Furen alama ce kawai da ke nuna wa ido inda fuskar ruwa take. Abin da yake farauta shi ne haske, wanda na hantsi dabam, na la'asar dabam. Shi ya sa tafki ɗaya ya ishe shi zane wajen 250.

A 1912 likita ya tabbatar masa da yanar ido. Launukansa suka rine, suka koma ja-ja da ƙasa-ƙasa, har aka yi masa aiki a 1923. Duk da haka bai ajiye buroshi ba. Washegarin tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 ya rubuta wa abokinsa Clemenceau, firayim minista, cewa zai yi wa ƙasarsa kyautar zane. Ya rasu a watan Disamba na 1926, aka buɗe manyan zane-zanen guda 8 a gidan Orangerie a Faris a 1927, cikin ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, tsayin kowane zane kusan mita 2. Jama'a ba su kula da su sosai ba a lokacin, sai bayan 1950, da masu sukar zane suka ga kamarsu da manyan ayyukan sababbin masu zane na Amurka.