Ƙarin Garanti Ga Motar Da Aka Taɓa Wa Manhaja: Akwai Riba?

Duk wanda ya taɓa yi wa wayar Samsung rutin ya san halin Knox: da zarar alamarsa ta canza, ba ta komawa. Motoci masu gudu irin su Golf GTI da Audi S3 ma haka suke. Sau da yawa a manhajar kwamfutar injin ake ƙara musu ƙarfi, a sa turbo ya ƙara cusa iska. Idan dillalin Volkswagen ko Audi ya jona na'urarsa ya gano haka, sai a liƙa wa motar alamar TD1, kuma tana nan ko da an mayar da manhajar asali.

Nan gizo ke saƙa. Yawancin takardun ƙarin garanti ba sa biyan lalacewar da irin wannan canji ya jawo, kuma inji, giya da turbo, masu cin kuɗin, su ne suka fi jin jiki. Abin da garantin zai rufe sai su AC da allo.

Mai sayen irin wannan mota ta hannu ya sa a duba kwamfutarta tukuna, sannan kamfanin garantin ya amince da canjin a rubuce. In ya ƙi, gara ya ajiye kuɗin don ranar da turbo zai mutu.