Rubutu a LinkedIn da taimakon AI: kunyar da na sha da abin da na koya

Bayan na kammala ND a sashen lantarki, na shiga neman wurin IT na shekara ɗaya kamar kowa. Wani abokina ya ba ni shawarar in buɗe LinkedIn in riƙa rubutu, wai a can injiniyoyi da masu ɗaukar ma'aikata suke. Gaskiya ya faɗa. An buɗe dandalin a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma abin da ya bambanta shi da Facebook shi ne maganar aiki da sana'a ake yi.

To, ni da Turanci sai a hankali. Sai na je wa ChatGPT na ce ya rubuta mini maƙala a kan aikin sola da na yi lokacin SIWES. Cikin daƙiƙu kaɗan ya zubo rubutu mai ƙyalli, na kwafa na wallafa ban ko karanta da kyau ba. Bayan mako biyu wani kamfanin sola ya kira ni intabiyu. Injiniyan ya buɗe maƙalar a wayarsa ya ce, "Ka rubuta cewa ka rage wa kwastoma kuɗin wuta da kashi 40. Yaya ka yi lissafin?" Wallahi ban ma san da wannan layin ba. Na yi tsuru-tsuru, gumi ya karyo mini. Ba su ɗauke ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga baya na fahimci dalili. Ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude da Gemini, har da Meta AI da ke cikin WhatsApp, an horar da su ne da tarin rubutu, suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Ba su je wurin SIWES ɗinka ba. Idan ba ka ba su bayani ba, sai su cike gurbin da abin da aka saba gani a irin wannan rubutu, har da alƙaluman da babu su. Ga yadda nake yi yanzu.

Na farko, ni nake kawo kayan miya. Ina ɗauko logbuk ɗina in zaɓi matsala guda ɗaya da na gani da idona. Misali, wani gida da muka je, mai gidan yana ƙorafin batir na mutuwa tsakar dare. Batir biyu ne, kowanne 12V 200Ah, an haɗa su a jere suka ba da 24V, wato 4,800Wh. Irin wannan batir mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 2,400Wh ke nan. Kayan gidan suna jan kusan 600W, ka ga awa huɗu ne, kafin ma a cire asarar inbata. Batir lafiyarsa lau, lodi ne ya yi yawa. Wannan shi ne abin rubutawa, kuma na'ura ba za ta taɓa sanin sa ba sai na faɗa mata.

Na biyu, ina sa ta yi mini tambayoyi kafin ta rubuta komai. Nakan ce, "Ga bayanina. Yi mini tambayoyi biyar a kan abin da bai fito fili ba, kada ka ƙara wani adadi ko nasarar da ban ambata ba." Tambayoyin nan sukan tuna mini abubuwan da na manta, kamar yadda muka auna lodin da mita.

Na uku, ni nake yin rubutun farko, ko da Turancin ya karye, wani lokaci ma da Hausa. Aikinta gyaran nahawu da tsara sakin layi. In ta sa wata babbar kalma da ba zan iya furtawa a gaban ogana ba, cirewa nake yi. Ina karantawa da ƙarfi, duk jimlar da ba ta yi kama da maganata ba sai ta fita.

Na huɗu, ina kula da layukan farko. LinkedIn yana nuna layi biyu ko uku ne kawai, sai mai karatu ya danna ya ga saura. Saboda haka da matsalar nake farawa: batir ya mutu ƙarfe biyun dare, mai gida ya ce mun sayar masa da jabu. Gajeren rubutu ba ya wuce haruffa 3,000. Idan bayanin ya fi haka, akwai sashen maƙala mai ɗaukar dogon rubutu da hotuna.

Na biyar, amana. Sunan kwastoma, adireshinsa, farashin kamfani, zanen aikin da ba naka ba, kada ka liƙa su a cikin AI, balle ka wallafa. Idan hoton wurin aiki za ka sa, nemi izinin mai kula da kai tukuna. Kuma abin da kuka yi ku huɗu, kada ka ce "na yi". Ka ce "mun yi", ka faɗi naka ɓangaren.

Kafin in danna wallafa, tambaya ɗaya nake yi wa kaina: idan aka tsare ni a kan kowane layi, zan iya kare shi kamar a difens ɗin furojet? In amsar a'a ce, gogewa nake yi.

Maƙalar batirin nan ba ta samu tafi da yawa ba, amma wani injiniya ya yi sharhi yana tambayar girman faifan solar da muka sa. Na ba shi amsa nan take saboda ina wurin aka yi. Daga hirar nan na samu wurin IT ɗina.

'Yan uwa na ND I da za ku fita SIWES bana, ku riƙa cike logbuk kullum da lambobi na gaskiya, ku daina tara shi sai ranar ƙarshe. Shi ne jarin da za ku ba na'ura ta gyara muku.