Daga Baikonur Zuwa Sararin Adar

A daren bazara, idan zafi ya koro mutanen Tawa daga ɗaki suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mai ɗaga ido bayan magariba yakan ga ɗan haske yana ratsa taurari a hankali. Ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba shi kuma da ƙara. Tauraron ɗan'adam ne, rana na haska jikinsa can sama alhali mu duhu ya riga ya rufe mu.

Na farkonsu, Sputnik, Tarayyar Sobiyet ce ta harba shi ranar 4 ga Oktoba 1957. Dunƙulen ƙarfe ne kamar tulu, nauyinsa kilo 83 da ɗoriya. Ya tashi daga Baikonur, cikin faƙon Kazakistan. Daga nan ne kuma Yuri Gagarin ya tashi ranar 12 ga Afrilu 1961, ya kewaye duniya sau ɗaya, ya sauko bayan minti 108.

Ba banza aka zaɓi faƙo ba. Rokar Soyuz da ke tashi daga can kananzir take ƙonawa, tare da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. A kwance ake kai ta filin bisa jirgin ƙasa, sannan a miƙar da ita tsaye. Kimanin minti biyu da tashi, sassa huɗu da ke gefenta sun shanye mansu, sai su ɓalle su faɗo, don haka dole a samu jeji mai faɗi da zai karɓe su. Abin da ya rage yakan ci gaba har gudunsa ya kai kilomita 28,000 a sa'a. Da wannan gudun ne tauraro ke ta kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba.

Da Sobiyet ta wargaje a 1991, Baikonur ya zama na Kazakistan, Rasha ta koma 'yar haya, tana biyan dala miliyan 115 kowace shekara bisa yarjejeniyar da za ta kai 2050. Mai zaman haya ba ya rasa tunanin gidansa, shi ya sa Rasha ta gina filin Vostochny a gabashinta, inda roka ta fara tashi a 2016. Tana da Plesetsk a arewa, kuma daga can ne NigeriaSat-1 ya tashi a Satumba 2003. A Agusta 2011 wasu taurarin Najeriya biyu suka tashi daga Yasny bisa rokar Dnepr, wadda asalinta makami mai linzami ce ta ɗaukar nukiliya.

Yanzu zancen ya iso ƙofarmu. A Nuwamba 2024, gwamnatin Nijar ta sa hannu a Yamai da kamfanin Glavkosmos na hukumar Roscosmos ta Rasha kan taurari uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da mai na'urar rada, aikin da aka ce zai ɗauki shekara huɗu. Sai dai harkar tana son haƙuri. Tauraron da Rasha ta ƙera wa Angola ya tashi a Disamba 2017, ba a jima ba ya daina aiki, madadinsa kuwa sai a Oktoba 2022 ya tashi.

To me Ba'adare zai samu? Hoton sama yana nuna inda ciyawa ta fito tsakanin Abalak da Cintabaraden, da yadda ruwan tabkin Tabalak ke ja da baya a rani. Yana nuna danshi da tsiro a Tamesna, inda fara ke hayayyafa kafin ta afka wa gonaki kamar yadda ta yi a 2004. Yana gano gobarar daji tun ba ta cinye makiyaya ba, yana kuma auna itatuwan da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya dasa tun daga 1984. Rada kuwa ba ruwanta da gajimare ko ƙurar hunturu, dare da rana tana gani.

Abin da ya kamata mu lura shi ne, da yawa daga irin waɗannan hotuna suna nan tun tuni. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta daɗe tana aiki da su wajen bibiyar damina da kiwo. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin kwamfutar masani da kunnen makiyayi. Kafin taurarinmu su tashi, ya dace jami'ar Tawa ta yaye matasan da za su iya karanta hoton, gidajen rediyon karkara kuma su riƙa juya shi zuwa Hausa da Tamajak da Fulfulde. Ranar da mai shayar da raƙuma a rijiyar Tiliya zai ji a rediyonsa cewa ciyawa tana gabas, tafiyar kwana biyu, ya kaɗa dabbobinsa ya tarar da ita, ranar ce kuɗin da muka kashe suka fara dawowa gida.