Kwamfuta da Gonar Tumatir a Bagwai

A shekarar 1992 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da manhajar CROPWAT, wadda ke lissafa yawan ruwan da shuka take bukata. Ɗalibin injiniyan noman rani zai ba ta zafin rana, da laimar iska, da ƙarfin kaɗawarta, da sa'o'in hasken rana, da irin ƙasar gona. Kafin ya ƙifta ido ta fito masa da jadawalin ban-ruwa tsaf.

To, a wannan saurin ne haɗari yake, domin lamba idan ta fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, ɗalibi yakan karɓe ta ba musu.

A ɗauki gonar tumatir a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai. Ƙasar arewacin Kano galibi jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa kamar laka, saboda haka tana son ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan ɗalibi ya zaɓi ƙasar laka bisa kuskure, manhajar ba za ta tanka masa ba. Za ta tsawaita kwanakin da ke tsakanin ban-ruwa, tumatir kuwa ya yi yaushi. Lissafinta daidai ne, abin da aka ba ta ne gurgu.

Malami mai dabara ba ya barin ɗalibi ya taɓa maɓalli sai ya rubuta hasashensa tukuna: idan iskar hunturu ta ƙara ƙarfi, bukatar ruwa za ta ƙaru ko za ta ragu, kuma don me? Daga nan a sauya abu ɗaya tak, a ga ko na'ura ta yarda da shi. Inda suka saɓa, nan darasi yake. Wanda ya san cewa busasshiyar iska tana janye ruwa ta ƙananan ƙofofin ganye ba zai sha mamaki ba.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta gani. Manomin Dambatta ko Bichi yakan haɗa gero da wake a kunya ɗaya, a ƙarƙashin gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Babu gurbin inuwar gawo a cikin lissafin. Sai ɗalibi ya tafi gonar da jadawalinsa a hannu, ya tona ƙasa ya murza ta, ya tambayi mai gona kwana nawa yake yi kafin ya sake sako ruwa.